Aro Tsakanin Abokan Gaba: Kalmomin Yaƙi da na Teku a Faransanci da Ingilishi

A shekarar 1769 aka buga wani ƙamus a Landan wanda ya tattara kalmomin da ma'aikatan jirgin ruwa ke amfani da su. Marubucinsa, William Falconer, ɗan wani mai aski ne daga Edinburgh. A cikin jirgi ya girma, ya kuma taɓa tsira daga haɗarin da ya ci kusan duk abokan tafiyarsa a gaɓar Girka, har ya rubuta doguwar waƙa a kan abin. A bayan ƙamus ɗin ya liƙa jerin kalmomin teku na Faransanci, kowace da takwararta ta Ingilishi. Bai ga yadda littafin ya karɓu ba. Kafin shekarar ta fita ya hau jirgin yaƙi mai suna Aurora zuwa Indiya. Jirgin ya bar Cape Town a watan Disamba, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Me Baturen Ingila zai yi da kalmomin Faransanci, alhali shekara shida kacal ke nan da ƙasashen biyu suka ajiye makamai bayan Yaƙin Shekara Bakwai? Gabar ce ta sa. Daga 1689 zuwa 1815 Ingila da Faransa ba su daɗe ba su gwabza ba, kuma wanda kake yaƙi da shi dole ka iya karanta takardarsa. In an kama jirgi, akwai littafin tafiya da wasiƙu da fursunonin da za a yi wa tambaya. Ban da wannan, Faransawa sun fi kowa rubutu a kan ilimin ƙera jirgi a wancan ƙarni. Pierre Bouguer ya fitar da littafinsa a kan lissafin jirgi a 1746. Shekara ɗaya bayan haka Ingila ta kama wani jirgin Faransa mai igwa 74, sunansa Invincible, maƙeranta suka auna shi gaba da baya suka kwaikwaya. Su ma Faransawa ba su zauna ba: a 1777 Daniel Lescallier ya buga nasa ƙamus na Ingilishi da Faransanci a Paris, shekara ɗaya kafin ƙasarsa ta shiga yaƙin 'yancin Amurka don ta rama.

Irin waɗannan ƙamusoshi layi biyu ne, hagu da dama, kamar kowace kalma tana da 'yar'uwarta daidai wa daida. Wanda ya karanta su a tsanake zai ga littafin bashi ne. Suna nuna wanda ya koya daga wani, da fannin da ya koya, da lokacin.

Mu fara da tudu, inda lissafin ya fi sauƙi. Bayan da William na Normandi ya ci Ingila a yaƙin Hastings a 1066, masu mulki da masu doki duk Faransanci suke yi, haka kuma aka tafi har wajen ƙarni uku. Tsoffin kalmomin Ingilishi na runduna, “here” da “fyrd”, suka mutu. A gurbinsu aka sami “army” daga “armée”, da “battle” daga “bataille”, da “siege” daga “siège”. Hatta “war” da “peace”, wato yaƙi da zaman lafiya, ta bakin Faransawa suka shigo. Kalmar “soldier” ma haka, kuma asalinta kuɗi ne. Sarki Constantine na Rum ya buga wani sulen zinariya mai suna “solidus” a farkon ƙarni na 4, daga nan Faransanci ya sami “solde”, albashin mayaƙi. Soja dai shi ne wanda ake biya. Shi kuwa “sergent” daga kalmar Latin ta bara ya fito, mai yi wa ubangidansa hidima. “Lieutenant” kalma biyu ce a haɗe, “lieu” da “tenant”, mai riƙe da gurbi, abin da mu za mu ce muƙaddashi.

Wadda ta fi ba mu sha'awa ita ce “maréchal”, wadda Ingilishi ya mayar “marshal”. Yau ita ce ƙololuwar girma da soja zai kai a Faransa, ga sanda mai taurari a hannu. Asalinta kuwa kalma ce ta Jamusawan dā mai nufin yaron doki, mai share muri. Tafiyar ba baƙuwa ba ce a wurin Bahaushe, domin Shamaki da Madawaki ma daga wajen dawaki suka hau har suka zama manyan fada. Abin dariyar shi ne Faransanci bai jefar da tsohuwar ma'anar ba. Mai sa wa doki takalmin ƙarfe har yanzu “maréchal-ferrant” ne, kuma saje a rundunar motocin sulke ko ta igwa “maréchal des logis” ake ce masa. Tafintan da ya ji wannan ya ce ga fil mashal nan tafe, ya tara wa saje jama'a.

Sai dai ba duk abin da Ingila ta ara ba ne na Faransa tun asali. A 1494 Sarki Charles na 8 ya kutsa Italiya da rundunarsa, aka yi ta fafatawa a can har 1559. Faransawa sun tafi da igwa, sun dawo da kalmomi: “soldat”, “caporal”, “infanterie”, “cavalerie”, “bataillon”, “escadron”, “sentinelle”, “bastion”, “citadelle”. “Alarme” kiran Italiyawa ne na a ɗauki makami. “Infanterie” daga kalmar yaro take, yaran da ke bin mai doki a ƙasa, dakaru ke nan. Aron ya yi yawa har wani malami mai buga littattafai, Henri Estienne, ya rubuta littafi guda a 1578 yana yi wa fadawan Faransa ba'a a kan yadda suka cika bakinsu da Italiyanci. Bai hana komai ba.

A cikin wannan kaya akwai “colonnello”, jagoran jerin sojoji masu tafiya kamar ginshiƙi. Faransawan ƙarni na 16 sun fi furta ta “coronel”, a haka Ingilishi ya karɓe ta. Daga baya masana suka gyara rubutun ya koma “colonel” don ya dace da asali. Faransawa suka gyara bakinsu, mutanen Ingila suka gyara alƙalami kawai suka bar baki yadda yake. Shi ya sa har gobe suke rubuta harafin da ba sa furtawa, suna furta wanda ba sa rubutawa. Kunnen Bahaushe bai bi ta takarda ba, abin da ya ji a filin fareti ya ɗauka, ya ce kanar. Haka ya ji “f” ɗin da Turawan Ingila ke cusawa a tsakiyar “lieutenant”, ya ce laftanar.

Ƙarni na 17 na Faransa ne ba gardama. Vauban, injiniyan Sarki Louis na 14, ya gina ko ya gyara ganuwar garuruwa fiye da 100, ya kuma jagoranci kewaye garuruwa kusan 50. A Maastricht a 1673 ya nuna dabarar tona ramuka jeri-jeri ana matsowa kusa da ganuwa ba tare da an miƙa ƙirji ga harsashi ba. Duk hafsan Turai da ke son ya iya wannan aiki sai ya koyi kalmominsa, don haka “glacis” da “sortie” da “corps” da “aide-de-camp” suka shiga Ingilishi ko riga ba su canza ba. Ƙaramin bam da ake jifa da hannu ya yi kama da 'ya'yan rumman, wanda Faransawa ke kira “grenade”, ga gurnetinmu nan. Aron bai tsaya ba sai bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, wanda ya ƙara “barrage” da “camouflage”. Ta biyun ta bazu ne bayan da sojan Faransa suka kafa sashe na musamman a 1915, suka zuba masu zane a ciki, aikinsu shafa wa igwa fenti don kada jirgin sama ya gane ta.

Da an sauka bakin ruwa sai bashin ya juya. Gaskiya ne “navy” daga tsohon Faransanci take, amma wannan kalmar ofis ce. Kalmomin da ake aiki da su da hannu, a jiƙe, cikin dare, Faransanci ne ya aro su daga arewa. Su kansu Normandawan da suka ci Ingila jikokin mayaƙan ruwa ne daga ƙasashen Sikandinebiya, waɗanda Sarkin Faransa ya ba shugabansu Rollo ƙasa a 911 don ya huta da harinsu. Sun bar harshensu cikin 'yan tsararraki, amma kalmomin jirgi suka zauna: “quille”, ƙashin bayan jirgi, da “hauban”, igiyar da ke riƙe da tirken jirgi, da “étrave”, goshinsa, da “vague”, igiyar ruwa. Daga kalmarsu ta shirya jirgi aka sami “équiper”, wadda daga baya Ingilishi ya karɓa a matsayin “equip”. Daga tsohon Ingilishi kuwa Faransanci ya ɗauki “bateau”, wato sunan jirgin kansa, da sunayen kusurwoyi huɗu na duniya, “nord”, “sud”, “est”, “ouest”. Ƙasar da ta koya wa maƙwabciyarta sunan yaƙi, a wurin maƙwabciyar ta koyi sunan gabas da yamma.

Mutanen Holan ma sun ba da nasu kaso. Ana kyautata zaton “matelot”, ƙaramin ma'aikacin jirgi, daga kalmarsu ta abokin shimfiɗa take, wasu kuma suka ce daga ta mutanen arewa mai nufin abokin cin tuwo. Kowace aka ɗauka ta dace, domin a jiragen Faransa na dā mutum biyu ke raba ragar kwana ɗaya, wannan na barci wancan na gadi.

Faransa tana da teku biyu, saboda haka ta daɗe da harshen teku biyu. Na Atlantika, a Brest da Rochefort, shi ne wanda muka gani. Na Bahar Rum, a Marseille da Toulon, Italiyanci ne ya cika shi, tare da Larabci. Jiragen da fursunoni ke tuƙawa da filafili suna da rundunarsu dabam da muƙamansu dabam, sai a 1748 aka haɗe su da sauran. Ta wannan ƙofa “boussole” ta shigo, na'urar nuna arewa, da “frégate”, da “pilote”. Ta nan ne kuma kalmomin da kunnenmu ya sani suka bi. “Arsenal” ba komai ba ce illa “dar as-sina'a”, gidan sana'a, sunan da mutanen Venice suka ba babbar maƙerar jiragensu. Ƙungiyar ƙwallon da matasanmu ke ɓata wa juna rai a kanta ta samo sunan ne daga ma'aikatan maƙerar makamai ta Woolwich da suka kafa ta a 1886. “Goudron”, kwaltar da ake shafe jirgi da ita, daga “ƙaɗran” take. “Avarie”, lalacewar kaya a teku, ita ma ana kai ta ga Larabci. Da yake masu kaya kan raba asarar a tsakaninsu gwargwadon rabon kowa, sai Ingilishi ya mayar da kalmar “average”, wadda ɗalibanmu ke lissafawa a aji ba su san jiƙaƙƙen kaya suke rabawa ba.

Sai “amiral”. Amiru ne, ba wani ba. Da Normandawa suka karɓe tsibirin Sisili daga hannun Musulmi, sun tarar da muƙamin suka bar shi, suka sa masa wutsiyar Latin. A zamanin Sarki Roger na 2, George na Antakiya, wanda ya yi aiki a Tunisiya kafin ya zo, ya riƙe muƙamin amirun amirai, kuma da yake shi ne ke jan jiragen yaƙi, sai sunan ya manne wa teku. Faransa ta naɗa amiral nata na farko a 1270. Harafin “d” da ke cikin “admiral” na Ingilishi kutse ya yi, daga masu rubutun da suka zaci kalmar 'yar'uwar “admirari” ce ta Latin, wato yin mamaki.

To, ina matsalar take? Tana wurin kalmomin da suka fito ciki ɗaya suka rabu a hanya. Jirgin yaƙi na zamanin Falconer tirke uku gare shi, inda ake ɗaura manyan ƙyallayen da iska ke turawa. Italiyawa suna da kalmar “mezzana”, ta tsakiya. Faransanci ya karɓe ta ya ce “misaine”, Ingilishi ya ce “mizzen”. A jirgin Faransa “misaine” tirken gaba ne. A jirgin Ingila “mizzen” na baya ne, wanda Bafaranshe ke kira “artimon”. Mai fassarar da ya bi kamannin sauti ya juya jirgi gaba ya koma baya, kuma kalmomi irin wannan ne suka sa ƙamus ɗin Lescallier ya zo da zane-zane.

Hagu da dama ma sai da suka ba da wahala. Jiragen arewa na dā da babban filafili ake juya su, a ɗaure a gefen dama, matuƙin ya ba gefen hagu baya. Daga nan mutanen Holan suka kira dama gefen tuƙi, hagu gefen baya, Faransanci ya mayar da su “tribord” da “bâbord”. Ingilishi yana da “starboard” da “larboard”, waɗanda in ana iska ana ihu ba mai bambance su. Hukumar sojan ruwan Ingila ta soke ta biyun a 1844 ta sa “port”, Amurka ta bi sahu a 1846. Wani ruɗanin ya fi wannan daɗewa. A jiragen Ingila umarni yana bin sandar tuƙi ne, ita kuwa sandar in ka tura ta dama jirgi hagu yake yi. Ko bayan da sitiyari ya maye gurbin sanda, ba a canza umarnin ba. Daren da Titanic ya tunkari dutsen ƙanƙara a 1912, hafsan da ke kan aiki “starboard” ya ce, yana nufin jirgi ya yi hagu, kuma matuƙin ya fahimce shi daidai. Sai a farkon 1933 aka daidaita magana da inda jirgi ke juyawa.

Zuwan rediyo ya tilasta wa ƙasashe su zauna su yarda da kalma ɗaya. SOS, wadda aka amince da ita a Berlin a 1906, ta wayar tangaraho ce, ba ta da daɗin ji da murya. A farkon shekarun 1920 aka nemi wani jami'in rediyo a filin jirgin sama na Croydon, Frederick Mockford, ya samo kalmar neman agaji. Yawancin jiragen da yake magana da su tsakanin Croydon da Le Bourget na Paris suke kai da komo, saboda haka ya ɗauki “m'aider” ta Faransanci, a taimake ni, ya rubuta ta yadda bakin Ingila zai iya, “mayday”. Taron Washington na 1927 ya mayar da ita doka ga jiragen ruwa da na sama. 'Yan'uwanta ma Faransanci ne cikin rigar Ingilishi. “Pan-pan”, ga matsalar da ba ta kai ta rai ba, daga “panne” take, lalacewar inji. “Sécurité” gargaɗi ne. In ana ceto ana son kowa ya bar layi sai a ce “seelonce”, in an gama a ce “seelonce feenee”. Yau Ingilishi ne harshen teku, kuma tun 2001 hukumar kula da sufurin ruwa ta duniya ta tsara jimlolin da kowane hafsa zai haddace, bayan haɗurra irin gobarar Scandinavian Star ta 1990 inda mutum 159 suka rasu, ma'aikata da yawa ba sa jin harshen fasinjoji. Amma a lokacin da rai ke hannun Allah, matuƙi ɗan Filifin ko ɗan Legas Faransanci yake kira da shi.

Muƙamai ne suka ƙi daidaituwa, domin kowace runduna tana kishin nata. A sojan ruwan Faransa akwai kyaftin iri uku, kowane da sunan jirgi a jikinsa. “Capitaine de vaisseau” shi ne “captain” na Ingila, daidai da kanar. “Capitaine de frégate” shi ne “commander”. “Capitaine de corvette” shi ne “lieutenant commander”. Dukansu ukun in za ka yi musu magana “commandant” za ka ce. Wanda ake kira “capitaine” baki da baki shi ne “lieutenant de vaisseau”, wanda ba kyaftin ba ne a takarda. A tudu kuma “commandant” shi ne manjo, shi kuwa “major” na Faransa ba hafsa ba ne, babba ne a cikin su saje. “Brigadier” a Ingila da Najeriya babban hafsa ne mai jan dubban sojoji, a Faransa kofur ne. Ƙungiyar NATO, wadda harsunanta na aiki Ingilishi da Faransanci ne, ta gaji da gardama ta ba kowane muƙami lamba, hafsoshi daga OF-1 zuwa OF-10. Mu masu rubuta manhajar kwamfuta mun san wannan dabara: in rumbun bayanai biyu suka ƙi jituwa a kan suna, sai a bar kowa da sunansa a haɗa su da lamba.

Wannan ruɗani ya iso har ƙofar gidanmu, domin iyakar da ta raba Katsina da Maraɗi ta raba mu tsakanin ƙamusoshin nan biyu. Rundunar da Lugard ya haɗa a 1897 ta bar wa Hausar Najeriya soja da kurtu da kofur da saje da samanja da bariki, kusan dukansu kalmomin Faransanci ne da suka yi zango a Ingila kafin su iso. A Nijar ba su yi zango ba, suka zo kai tsaye: jandarma, da kumandan, wanda a zamanin mulkin mallaka shi ne Baturen da ke riƙe da gunduma. Ranar 18 ga Fabrairun 2010, da sojoji suka kifar da gwamnatin Tandja Mamadou, an sanar da sunan shugabansu da muƙamin “chef d'escadron” Salou Djibo. Wasu kafofin labarai na Ingilishi suka fassara shi kalma da kalma, “squadron leader”, wanda muƙamin sojan sama ne. Mutumin manjo ne na sojan ƙasa. Wannan kuskure bai kashe kowa ba.

Akwai wanda ake zargin ya taimaka wajen kisa. Ranar 22 ga Yunin 1940 Faransa ta sa hannu a kan yarjejeniyar tsagaita wuta da Jamus. Rundunarta ta ƙasa ta karye, amma ta ruwa tana nan lafiya, tana cikin mafi girma a duniya. Sashe na 8 na yarjejeniyar ya ce za a tara jiragen a tashoshi a kwance musu ɗamara ƙarƙashin “contrôle” na Jamus ko Italiya. Kalmar ta samo asali ne daga “contre-rôle”, kwafin rajista na biyu da ake ajiyewa don a duba na farko. A Faransanci ma'anarta ta tsaya kusa da nan: dubawa, tantancewa, irin abin da mai duba tikiti ke yi a jirgin ƙasa. Ingilishi ya ari kalmar tun da daɗewa, a hannunsa ta yi ƙiba ta koma mallaka da juya akala. Hafsoshin Faransa sun karanta cewa Jamusawa za su zo su duba. A Landan an karanta cewa jiragen za su koma hannun Hitler.

Ba za mu ɗora wa kalma ɗaya duk laifin ba. Jamus ta yi alkawari a cikin wannan sashe cewa ba za ta yi amfani da jiragen ba, Churchill kuwa ba shi da dalilin yarda da alkawarin Hitler ko da wane harshe aka rubuta shi. Admiral Darlan ya ba da kalmarsa cewa jiragen ba za su faɗa hannun Jamus ba, Ingila ta ga ba za ta jingina rayuwarta a kan kalmar mutum ɗaya ba. Duk da haka, a ganinmu fassarar ta yi aiki: ta sa abin da ake tsoro ya zama kamar abin da aka riga aka sa wa hannu.

Da safiyar 3 ga Yuli, Admiral Somerville ya tsaya da jiragensa, ciki har da Hood da Ark Royal, a bakin tashar Mers el-Kébir kusa da Oran a Aljeriya. A ciki akwai manyan jiragen Faransa huɗu, Dunkerque da Strasbourg da Provence da Bretagne. Saƙon da ya kawo zaɓi ne: su bi Ingila a ci gaba da yaƙi, ko su kai jiragen tashar Ingila, ko su tafi tsibiran Faransa na Karebiyan kamar Martinique, ko su nutsar da su da hannunsu cikin awa shida. In sun ƙi duka, za a buɗe wuta. Somerville ya zaɓi Kyaftin Cedric Holland ya kai saƙon, domin ya iya Faransanci, ya yi aiki a ofishin jakadanci a Paris, yana da abokai a cikinsu. Nan muƙami ya shigo. Admiral Gensoul ya ga raini ne a aiko masa kyaftin, ya ƙi ganinsa, ya tura masa nasa dogarin, Bernard Dufay, mai muƙamin “lieutenant de vaisseau”. Aka yi ta kai da komo a ƙaramin kwalekwale, rana na tafiya. Saƙon farko da Gensoul ya aika wa shugabanninsa bai ambaci zaɓin Martinique ba. Sai da la'asar ya yarda Holland ya hau jirginsa, ya nuna masa umarnin sirri da Darlan ya bayar cewa a nutsar da kowane jirgi in baƙo ya yi yunƙurin ƙwace shi. Lokaci ya riga ya ƙure, Landan na matsa wa Somerville lamba.

Gab da ƙarfe shida na yamma aka buɗe wuta. Ba a fi 'yan mintoci ana yi ba. Bretagne ta yi bindiga ta kife da mutum kusan 1,000 a cikinta. Strasbourg ta sulale ta cikin hayaƙi ta kai Toulon. Sojan ruwan Faransa 1,297 suka mutu a hannun waɗanda mako biyu da suka wuce abokan yaƙinsu ne. A Iskandariya ta Masar, inda Admiral Cunningham da Admiral Godfroy suka san juna kuma suka yi magana a matsayin tsara, an kwance wa jiragen Faransa ɗamara a cikin makon ba a harba ko harsashi ɗaya ba.

Umarnin Darlan ya sami ranarsa. A watan Nuwamban 1942, bayan da sojojin Amurka da Ingila suka sauka a Arewacin Afirka, Jamus ta mamaye sauran Faransa. Da asubahin 27 ga wata tankokinta suka shiga tashar Toulon don su kama jiragen. Ma'aikatan suka buɗe bututun ruwa, suka tayar da nakiyoyi, suka nutsar da jirage 77, ciki har da Strasbourg da Dunkerque da Provence, ukun da suka tsira daga Mers el-Kébir. 'Yan jiragen ƙarƙashin ruwa sun samu sun fice, irin su Casabianca da ta kai Aljiyas. Faransawa suna kiran wannan aiki “sabordage”, daga “sabord”, tagar da ake leƙo da bakin igwa a jikin jirgi. Jaridun Landan da suka ba da labarin washegari “scuttle” suka rubuta, kalmar da yawancin masana ke kai ta ga “escoutille”, tsohon sunan da Faransawa ke kiran ƙofar da ake sauka cikin jirgi da shi.